Nauyin da Ba Ya Cikin Takardar Lodi

Akwai wata tsohuwar gardama a bakin direbobin manyan motoci wadda har yau ba a kashe ta ba. Idan ka iso gadar da ba ka yarda da lafiyarta ba, lallaɓawa za ka yi, ko kuwa ka ba mota wuta ka wuce? 'Yan ba da wuta suna cewa kafin gadar ta farga da nauyin, ka riga ka tsallake. 'Yan lallaɓawa kuma su ce gaggawa aikin Shaiɗan. Na sha jin wannan musu a teburin mai shayi a garejin tireloli, kowa da rantsuwa yake kare maganarsa. Injiniyoyin gada su ma sun daɗe a kan tambayar, shekara sama da 170 ke nan, sai dai su da na'urar awo suke bin ta.

Abu na farko da awon ya tabbatar shi ne, nauyin da mota ke ɗora wa gada tana tsaye daban, wanda take ɗora mata tana tafe daban. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban sikelin 'yan hatsi a Dawanau ya ga misalin. A ajiye buhu a hankali, allura ta tafi ta tsaya a kan kilo 100. A jefo buhun nan daga kafaɗa, sai allurar ta zarce, ta leƙa 130 ko fiye, ta dawo ƙasa, ta yi ta rawa kafin ta natsu. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙaru a buhun ba, amma sikelin ya ji ƙarin a jikinsa. Haka tirela ke yi wa gada. Takardar lodi ta ce tan 40, amma idan motar ta hau tana sukuwa, gadar na iya jin tan 48 ko 50. Wannan rata ita injiniyoyi ke son su auna. Idan aka kintata ta da yawa, a kashe kuɗin da bai kamata ba. Idan aka kintata ta kaɗan, gada ta tsufa tun lokacinta bai yi ba.

Daga haɗarin jirgin ƙasa

Wani haɗari ne a Ingila ya buɗe binciken. Ranar 24 ga Mayu, 1847, gadar jirgin ƙasa da ke kan kogin Dee a garin Chester ta karye jirgi na kanta, mutum biyar suka rasu. Robert Stephenson, ɗaya daga cikin manyan injiniyoyin zamanin, shi ya zana ta, kuma ko shekara ba ta yi da buɗewa ba. Gwamnati ta kafa kwamitin da zai binciki yadda ake amfani da ƙarfe a gadojin jirgi. A cikinsa akwai Robert Willis, malami a Jami'ar Kambirij, wanda ya riƙa sakin wani ɗan keke mai nauyi yana bi ta kan sandunan ƙarfe da gudu iri-iri, ana auna lotsawarsu. Sandar da ta ɗauki keken lafiya yana tsaye, sai ta ƙara lotsawa idan ya zo a guje. A 1849 abokin aikinsa George Stokes ya fitar da lissafin abin.

Daga baya ya zama doka a littattafan gina gada: a lissafa nauyin mota, sannan a yi masa ƙari saboda tsalle. Tsohuwar ƙa'idar Amurka ta ce a ƙara abin da bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba, gwargwadon tsawon gadar. Daga 1994 aka mai da shi kashi 33, ban da ƙarfen mahaɗa da ke tsakanin sassan gada, wanda shi kashi 75 ake ƙara masa don shi ke shan duka kai tsaye. A Kanada kashi 40 ake ƙarawa idan layin taya ɗaya ake lissafi, kashi 25 idan uku ne ko fiye. Duk waɗannan alƙaluma riga ce da aka ɗinka don ta shigi kowa. Abin da wata gada takamaimai ke ji, sai an je ƙarƙashinta an auna.

Rawar mota da rawar gada

Bodin tirela yana zaune ne a kan sifirin, sifirin a kan layukan taya, tayoyin kuma iska ce a cikinsu. Saboda haka tsalle iri biyu take yi. Akwai na bodi gaba ɗaya, wanda direba ke ji a kujerarsa, sama da ƙasa kamar sau 2 zuwa 4 a sakan ɗaya ga mota mai sifirin ɗin ƙarfe. Akwai kuma na layin taya shi kaɗai, mai sauri, sau 8 zuwa 15 a sakan, wanda ido ba ya iya bi sai dai kunne ya ji.

Ita ma gada tana da tata rawar. Idan aka buge ta aka sake ta, akwai adadin karkarwar da take yi a sakan, kuma tazarar da ke tsakanin fila da fila ce ta fi yanke wannan adadi. Injiniyoyi suna da lissafin ka da suke fara kintace da shi: a raba 100 da tsawon tazarar a mita. Tazarar mita 10 na ba da karkarwa kusan 10 a sakan, ta mita 30 kuma 3 da 'yan kai. Ke nan gada mai tazarar mita 25 zuwa 50 rawarta ta faɗa daidai da tsallen bodi, gajeruwa mai mita 8 zuwa 12 kuma daidai da tsallen taya. Idan rawar biyu ta zo ɗaya, kowane tsalle sai ya ƙara wa na bayansa ƙarfi. Abin lura, akasarin gadojin da ke kan manyan hanyoyi a cikin wannan tazara suke.

Sai dai mota ba ta tsalle haka siddan. Gargada ce ke tada ta: rami, faci, tudu, ko ƙarfen mahaɗa da ya fito sama da kwalta.

Mutanen Suwizalan sun nuna wannan da katako guda. Hukumarsu ta gwajin kayan gini, EMPA, ta daɗe tana gwada sababbin gadoji kafin a buɗe su, kuma a 1983 injiniyanta Reto Cantieni ya tattara sakamakon gadoji 226 da aka gwada tsakanin 1958 da 1981. Tsarin gwajin ba shi da wuya. A auna babbar mota ɗauke da lodi a sikeli, a sa ta ƙetare gadar da tafiyar ƙafa, a sake sa ta ƙetare da ɗan gudu, a yi ta ƙara gudun ana rubuta lotsawar gadar. Sannan a gitta katako mai kaurin santimita 5 a kan titin, a maimaita komai daga farko. Ba tare da katakon ba, gadojin da suka fi jin tsalle su ne waɗanda rawarsu ta yi daidai da ta bodin mota. Da katakon kuwa, ƙarin yakan yi tsalle shi ma, a wasu gadojin har lotsawar ta ninka. Mota ɗaya, lodi ɗaya, gada ɗaya, abin da ya bambanta kaurin yatsu uku ne kawai a kan kwalta.

A ƙarƙashin gada

Aikin awon kansa a ƙarƙashin gada ake yin sa, inda mai wucewa ba ya gani. Ana kafa tsani ko a ɗaga ma'aikaci da mota mai kwando har ya kai cikin bim, wato dogayen kankare ko ƙarfen da shimfiɗar gada ke zaune a kansu. Idan bim ɗin ƙarfe ne, a kankare fenti har ƙarfen ya yi ƙyalli, a goge shi tas, a manna wata 'yar leda wadda ba ta wuce farcen babban yatsa ba. A cikinta akwai siririyar waya da aka nannaɗe. Idan kankare ne, a huda rami biyu, a ɗaure wani ɗan ƙarfe mai tsawon taƙi guda da noti, irin wannan waya na jikinsa. A 1938 aka ƙirƙiro wannan ma'auni, mutum biyu a Amurka, Edward Simmons da Arthur Ruge, kowa a wajensa ba tare da sanin ɗan'uwansa ba.

Duk lokacin da mota ta hau, tsakiyar bim na lotsawa, cikinsa na ƙasa ya miƙe. Miƙewar ba ta da yawa, sau da dama ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba a kowace mita. Amma wayar nan tana miƙewa tare da shi, wutar da ke bi ta cikinta ta ɗan sauya, kwamfutar da aka kulle a akwati a jikin fila ta karanta sauyin sau ɗaruruwa a sakan ɗaya.

Na fi son wannan ɓangare na aikin, domin a fuskar kwamfuta mutum ke ganin abin da ƙafarsa ke ji. Layi yana tafe a miƙe. Sai ka ji gab-gab a bakin gada, layin ya fara hawa. Yana kaiwa ƙololuwa lokacin da tayoyin baya suka iso tsakiya, sannan ya gangaro. Amma hawan da gangarar ba sumul suke ba, akwai ƙananan haƙora a jikinsu. Motar ta fita, ƙararta ta yi nisa, haƙoran suna nan suna ƙanƙancewa na 'yan sakanni kafin layin ya kwanta. Sumul ɗin tudun shi ne ainihin nauyin motar, haƙoran kuma su ne tsallen. A raba ƙololuwar da aka gani da ta sumul ɗin tudun, abin da ya fito shi ne ma'aunin tsalle. Idan 1.2 ne, gadar ta ji ƙarin kashi 20 cikin ɗari. Karkarwar da ta rage bayan fitar mota ita ma shaida ce: daga ita ake sanin rawar gadar, kuma idan bana ta bambanta da ta bara, akwai abin da ya saki a jikin ginin.

A 1979 wani malami mai suna Fred Moses, a Jami'ar Case Western Reserve da ke Cleveland a Amurka, ya juya lissafin baibai. Ya ce tunda motar da aka san nauyinta na nuna yadda gada ke amsawa, to amsawar gada na iya nuna nauyin motar da ba a sani ba. A fara bi da mota guda wadda aka auna, a saita na'ura da ita. Daga nan duk motar da ta wuce, kwamfuta ta fitar da gudunta, yawan layukan tayarta, da nauyin da ke kan kowane layi. Gada ta zama sikeli. Direba bai san ana auna shi ba, balle ya ratse ta daji ko ya jira dare. A Ostireliya, cikin shekarun 1980, suka yi irin wannan da kwalbati. A Sulobeniya cibiyar binciken gine-gine ta ƙasa, ZAG, ta inganta dabarar ta zama na'urar da ake kira SiWIM, wadda ake ɗaurawa a cire a kai wata gadar. Awonta bai kai na sikelin tsaye daidaito ba, amma tana kama kowace mota, dare da rana, har tsawon makonni.

Abin da awon ya tono

Da aka fara tara awon dubban motoci maimakon mota guda ta gwaji, sai wani abu ya fito wanda ba a zata ba. Motar da ta fi nauyi ita ce kason tsallenta ya fi ƙanƙanta. Andrzej Nowak da ɗalibansa sun ga haka a gadojin jihar Michigan a shekarun 1990, 'yan Sulobeniya kuma suka tabbatar da shi bayan 2000 tare da abokan aikinsu na wata jami'a da ke Dublin a Ailan. Tipar da ba komai a cikinta tana iya ninka nauyinta da tsalle, amma ninkin abu mara nauyi bai dami gada ba. Tirela mai cikakken lodi kuwa, a kan gada mai shimfiɗa sumul, ƙarin da take yi sau da yawa bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Dalili shi ne, a mota mai layukan taya biyar ko shida, layukan ba sa tsalle lokaci ɗaya, wannan na sama wancan na ƙasa, suna kashe wa juna ƙarfi. Haka ma idan tirela biyu suka haɗu a tsakiyar gada, da wuya tsallensu ya zo daidai.

Wannan ya yi wa ƙasashen Turai amfani. Tsohuwar gadar da lissafin littafi ya ce ta gaza, idan aka auna ta aka sa ainihin kason tsallenta a lissafin, sau da dama sai a ga tana da sauran ƙarfi, a fasa rushe ta. Amma albishir ɗin yana da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne shimfiɗa mai kyau. Da zarar an samu tudu ko rami a bakin gada, alƙaluman nan masu daɗi sun tashi, musamman ga gajerun gadoji.

A nan ne gardamar direbobi ta sami alƙali. Da tafiyar ƙafa, tsalle kusan babu shi. Idan gudu ya ƙaru, ƙarin ba ya hawa a jere, yakan hau ya sauka, wani gudun ya fi wani muni gwargwadon gadar da motar. Amma babu gudun da za a dogara da shi ya rage wa gada nauyi. Shi ya sa idan za a ƙetare da kaya mai nauyin gaske, kamar babbar taransifoma, ake tsare hanya, motar ta bi tsakiyar gada ita kaɗai, tana tafiya kamar ba ta so. 'Yan lallaɓawa ne da gaskiya.

Sifirin ma yana da nasa hannun. Wani babban bincike da ƙungiyar OECD ta gudanar a shekarun 1990 ya nuna mota mai balan-balan ɗin iska ta fi mai sifirin ɗin ƙarfe sauƙi a kan hanya, don tsallenta a hankali yake, bai wuce sau 2 a sakan ba. Amma idan shokozoba ta mutu, wannan falala ta tafi.

Gajiyar ƙarfe

Da wuya tsalle ya karya gada nan take. Ɓarnarsa a hankali take taruwa. Duk wucewar babbar mota miƙewa ce da komawa a jikin ƙarfe, kuma bayan miliyoyin irinta sai 'yar tsaga ta buɗe a bakin walda, ta riƙa tafiya. Injiniyoyi na kiran wannan gajiyar ƙarfe, kuma lissafinta ba ya tafiya ɗaya bisa ɗaya. Idan miƙewar ta ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, ɓarnar na ƙaruwa da kashi 33. Idan ta ƙaru da kashi 26, ɓarnar ta ninka. Idan ta ninka, ɓarnar ta zama sau takwas. A kan kwalta abin ya fi haka: gwajin da aka yi a garin Ottawa na jihar Illinois tsakanin 1958 da 1960 ya nuna ninka nauyin layin taya na ninka lalacewar hanya kusan sau 16.

Jamus ta ɗanɗana wannan a gadar Leverkusen da ke kan kogin Rhine. An buɗe ta a 1965 da tsammanin motoci 40,000 a rana. Kafin a ankara tana ɗaukar sama da 120,000, dubbai daga cikinsu manya. Tsagogi suka bayyana a waldar ƙarfenta. A 2012 aka hana duk motar da ta wuce tan 3.5 hawa, aka yi gyara aka buɗe, a 2014 aka sake hanawa. Da direbobi suka ƙi ji, a 2016 aka kafa shinge mai auna mota ya tare ta. Manyan motoci suka yi ta zagaye kusan shekara goma, har aka buɗe sabuwar gada a Fabrairun 2024. A birnin New York kuwa, don ceton wani tsohon sashe na titin sama da ya haɗa Brooklyn da Queens, an binne ma'auni a cikin titin, kuma daga Nuwamban 2023 duk motar da ta yi oba lodi tarar dala 650 ke iske mai ita.

Mu da namu lodin

A wajenmu kusan komai a bayan tirela yake tafiya: siminti, mai, hatsi, taki, shanu. Dokar ECOWAS ta 2012, da takwararta ta ƙasashe masu kuɗin sefa ta 2005 wadda Nijar ke ciki, sun tsayar da tan 11.5 a kan layin taya guda, da tan 51 ga tirela mai layi shida gaba ɗayanta. Sai mu yi lissafi. Siminti buhu 600 tan 30 ne. Buhu 900 tan 45 ne, ba a sa nauyin kai da bodi ba. Tanka mai lita 60,000 na fetur, man kaɗai ya haura tan 44, kuma sai a Maris na 2025 hukuma ta hana irinsu lodi a Najeriya.

Sannan a dubi bakin gadojinmu. Gada tana zaune a kan harsashi mai zurfi, ba ta nutsewa. Cikon ƙasar da ke bayanta kuwa, damina biyu uku ya zauna, sai a sami mataki tsakanin kwalta da kankare. Wani wurin ƙarfen mahaɗa ya ɓalle an bar rami, yara na zuba jar ƙasa da shebur suna miƙa wa direbobi hannu. Katakon da 'yan Suwizalan ke gittawa na yini guda don gwaji, mu namu a gine yake, kowace tirela sai ta taka shi kafin ta hau. Wani wurin ma da gangan ake gina tudun rage gudu dab da gada, da niyyar alheri, alhali idan direba bai taka birki sosai ba, tudun ne zai tada motar ta hau tana sukuwa. Dogayen gadoji kuma tasu matsalar daban ce: abin da ya fi yi musu nauyi shi ne cunkoso, irin jerin tirelolin da suka taɓa mai da gadojin hanyar Apapa gareji.

Magani mafi arha a bayyane yake. A daidaita mitocin ƙarshe na kwalta kafin gada, a gyara mahaɗa da zarar ta fara ƙara, a matsar da tudun rage gudu nesa, a tsaya a kan dokar lodi tun daga inda ake loda kaya. Duk wannan ba ya kusa da kuɗin sabuwar gada.

Bayan haka sai awo. Ƙa'idar lodin gada ta Tarayyar Turai an gina ta ne a kan motocin da aka auna kusa da garin Auxerre na Faransa a 1986. Su sun auna nasu, suka rubuta doka da shi. Mu kuwa da littattafan Ingila, Faransa da Turai muke zana gadojinmu, alhali ba motocinsu ke hawa ba. Muna da sassan koyar da injiniyan gine-gine a Zariya da Kano da sauran jami'o'i, muna da cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI. Na'urar da ake buƙata tana shiga bayan a-kori-kura. A ɗaura ta wata guda a Tamburawa, wata guda a Wudil, a Jebba, a Jamata, da gadar Gaya da ta haɗa Nijar da Benin, za mu san nauyin da ke bin hanyoyinmu da irin tsallen da yake yi. Daga nan ne za a iya cewa wannan gada a ƙarfafa ta bana, waccan tana iya jira, kuma mai maganar yana da alƙalumma a hannunsa.